Motar Kashe Gobara a Ƙofar Mai Jego

Tun da na dawo daga Amurka ban huta da tambaya ba. Duk wadda ta shigo yi mini sannu da zuwa, kafin ta ajiye kofin ruwa sai ta ce, "To Malama Asabe, ba mu labari." Wata tana so ta ji ko na ga fadar shugaban ƙasarsu, wata ƙanƙara ce damuwarta, wata kuma idonta na kan akwati. Shekara talatin na yi ina koyarwa a firamare a Tudun Wadar Zariya, na saba maimaita darasi ɗaya sau goma, amma wannan labarin ya gajiyar da ni. Shi ya sa na zauna na rubuta shi sau ɗaya, duk mai so ta karanta.

Da farko dai ba ni ya kamata in je ba. Yarinyar da ta haihu a can 'yar farina ce, kuma ni a hannun kakata na tashi, inda ba a wasa da kunyar ɗan fari. Tun daga yaye ƙanwata Ladidi ta ɗauke ta, ita ta riƙe ta har ta aurar da ita. Ni kuwa ban taɓa kiran sunanta ba. Idan dole ta kama in yi mata magana sai in ce "ke", idan zancenta zan yi da wani sai in ce "yarinyar nan". Na san matan yanzu sun daina wannan, har goya 'yan farinsu suke yi su shiga kasuwa, amma ni haka na taso kuma ban taɓa jin ya dame ni ba.

Ni da Ladidi muka je Abuja neman biza, ni a matsayin 'yar rakiya, ko da yake ni ma an cike mini takarda. Baturen ofishin jakadanci ya yi wa Ladidi tambaya uku ya turo mata fasfonta, ni da ban sa rai ba aka ba ni. Ladidi ta yi kuka tun daga Zuba har Kaduna, sannan ta share hawaye ta shiga haɗa mini kaya: kilishi, daddawa, kuka, garin kunu, busasshen ganyen darbejiya na wanka, da jar kanwa dunƙule guda a tsohon ɗankwali. Ta ja mini kunne kamar ni ce ƙanwar. Wanka da tafasasshen ruwa safe da yamma, kunun kanwa kullum, kada in bari asibitin Turawa ya lalata mata 'ya.

Hanyar ba abin da zan ce game da ita sai gajiya. Mota daga Zariya zuwa Abuja, jirgi zuwa Adis Ababa, zaman jira a kan kujerar ƙarfe, sannan wani jirgin da na ɗauka ba zai taɓa sauka ba. Gwiwoyina suka kumbura, abincin kuma duk ɗanɗanonsa ɗaya. Allah ya haɗa ni da wata Hajiya daga Maraɗi a kujerar kusa da ni, za ta wurin ɗanta a Takoma Park, zuwanta na uku ke nan. Ita ta nuna mini yadda ake buɗe ƙofar bayin jirgi, ita kuma ta ce idan mun sauka kada in ɓoye komai, don mutanen na da karnuka masu hancin tsiya.

Gaskiyarta kuwa. Amma kafin kare sai da na bi ta wurin mai duba fasfo. Ya tambaye ni wurin wa na zo, na ce 'yata. Ya ce mene ne sunanta. Sai na zaro takardar gayyata na tura masa, na ɗora yatsa a kan sunan. Ya dube ni, ya dubi takardar, ya ga alama tsohuwa ce da ba ta jin Turanci, ya buga hatimi. Ni da na koyar da Turanci a aji shida.

A wurin kaya wani ɗan guntun kare ya zo ya zauna a gefen jakata, yana shinshinar bakin zanena, ni kuma ina tunanin alwalata. 'Yan kwastan suka zazzage komai a kan tebur. Suka kwashe kilishin, suka kwashe ganyen darbejiya. Da mutumin ya kwance ƙullin daddawa sai da ya ja da baya. Kanwar kuwa ya juya ta a hannu, ya ƙwanƙwasa ta da biro, ya tambayi mene ne. Na ce gishirin garinmu ne. Ya mayar mini da ita, ni kuma har godiya na yi masa.

Mijin yarinyar, Kabiru, injiniya ne, shi ya zo ɗaukata. Ya durƙusa har ƙasa a tsakiyar filin jirgi ya gaishe ni, Turawa na ratsa mu da akwatuna. Gidansu a Gaithersburg yake, hawa na uku, ɗaki biyu da falo. Ku yi tunanin zaman suruka da suruki a irin wannan wuri. Idan zan fito falo sai na yi gyaran murya, idan shi zai fito sai ya yi tari, wani lokaci mu yi karo a bakin firji kowa ya koma da baya. Wata uku na yi ban ci abinci a gabansa ba. Waje kuma sanyi ne mai shiga ƙashi, ba tsakar gida, ba maƙwabciya da za ta leƙo ta katanga. Ƙofofi a jere a rufe, sai dai ka ji ƙamshin girkin mutum ba ka san fuskarsa ba.

Na tarar ta haihu da kwana huɗu, mace. Ranar suna mutum tara ne suka zo har da liman, ragon kuma a wata gona aka yanka shi, ya iso a kwali an daddatsa. Na zauna ina kallon kwalin, na ce yanzu wannan shi ne suna.

Cikin waɗanda suka zo akwai Rifkatu, nas ce 'yar Pankshin, tana zaune a hawan da ke ƙasa da namu. Mama take ce mini, kuma ita kaɗai ce a ginin nan za ka ƙwanƙwasa wa ƙofa ta buɗe da dariya. Wata rana ta hau da gwate a kula, ta tarar ina dama kunu, ta ga yawan ruwan kanwar da na tsiyaya. Ta shiga ɗaki ta danna ƙafar mai jego da yatsa, wurin ya lotsa bai taso ba. Da ta fito sai ta rage murya ta ce, "Mama, ki yi haƙuri, kanwar nan ta yi yawa. Gishiri ce fa, kuma kin ga ƙafafunta. A rage zafin ruwan wankan ma, a kira likitarta."

Na ce mata ni bakwai na haifa, kowanne da kunun kanwa na yi jegonsa, ga ni nan da raina. Ta ce to Mama, ta ɗauki kularta ta sauka. Daga baya na ji ta yi wa yarinyar maganar, yarinyar ta ce za ta kira likita gobe, goben ba ta zo ba.

Ni kuma na ci gaba. Babu itace babu garwa, sai in cika manyan tukwane biyu in ɗora a kan murhun lantarki, in kai bayi, in yi ta watsa mata da tawul har tururi ya rufe madubi. Kunu kuwa kofi biyu da safe, biyu da yamma. Ba ta taɓa cewa a'a ba. Takan karɓa da hannu biyu ta shanye tana kallon ƙasa. Zan faɗi gaskiya, daɗi nake ji. Shekararta talatin da ɗaya, wannan ne karo na farko da nake yi mata hidima da hannuna ba tare da wani ya ce na yi rashin kunya ba.

Ranar da ta cika kwana goma sha biyu, da hantsi, Kabiru ya tafi aiki. Mun gama wanka, tana zaune a bakin gado da ɗaurin ƙirji, sai na ga numfashinta ya sauya, tana jan sa kamar wadda ta hau bene da gudu. Na ce ta kwanta, ta ce ba za ta iya ba. Na ce ke, lafiya? Ta ce da sauƙi, Umma. Sai tari ya taso mata, na ga kumfa a tawul.

Abin da ya fara zuwa kaina mota ce. A gida ihu ɗaya za ka yi maƙwabta su cika gidan, wani ya kawo mota, a kama mara lafiya a sa a baya. Na fita ba takalmi na bubbuga ƙofa uku, babu wanda ya amsa. Na kira Kabiru, ya ce yana can tsallaken kogi, ko ya tashi yanzu sai ya yi kusan awa. Na kira Rifkatu tana wurin aiki. Ba ta bari na gama ba ta ce in kashe in kira lambar gaggawa, tara, ɗaya, ɗaya, adireshin gidan na nan Kabiru ya manna a jikin firji.

Wadda ta ɗauki wayar ta yi ta jero mini tambayoyi a natse, tana numfashi, tana magana, wane launi leɓenta ya koma. Ni ina ganin ɓata lokaci take yi, ashe tun tambaya ta biyu ta riga ta turo mutane. Ban ajiye wayar ba na ji jiniya. Na leƙa ta taga. Wata jibgegiyar jar mota ce ta tsaya a ƙofar ginin, da tsani a gefenta da mesar ruwa a naɗe. Motar kashe gobara.

Na ce shi ke nan, Turancina ya ci amanata, matar ta ɗauka wuta ce ta tashi. Ni abin da na sani, 'yan kwana-kwana na gobarar kasuwa ne, mara lafiya kuwa na asibiti ne, ban taɓa jin inda hanyarsu ta haɗu ba. Kafin in gama tunani sun hawo, maza uku da mace ɗaya, da shuɗayen riguna da manyan jakunkuna. Na tsaya a bakin ƙofa na ware hannuwa. Na ce musu babu wuta a nan, motar asibiti nake nema, su koma su turo ta. Babban cikinsu ya faɗi wani abu da sauri ban kama ko kalma ɗaya ba. Sai macen ta matso, baƙa ce mai ƙananan kitso, ta dube ni cikin ido ta yi magana a hankali kamar yadda nake yi wa 'yan aji ɗaya.

"Mama, mu ne kika kira. Motar asibitin tamu ce, tana bayanmu. Mu muka fi kusa, shi ya sa muka riga ta. Ki bar ni in gan ta."

Na fahimta sarai. Amma sai na tuna yarinyar daga ita sai zani, kai ba ɗankwali, ga ƙarti uku a tsaye. Na ce su jira in sa mata hijabi. Na tura ƙofar na rufe a fuskarsu, na shiga neman hijabi a cikin kayan wanki. Ban san minti nawa na yi ba, wataƙila ɗaya, wataƙila biyu. Kabiru bai san wannan ba har yau, sai dai in ya karanta a nan. Ina cikin tonon kaya na ji ta zame daga gado ta bugi ƙasa. Na jefar da abin da ke hannuna na ruga na buɗe musu.

Suka shige da takalmansu, har kan darduma ta salla, ban hana su ba. Ba wanda ya yi ihu, ba wanda ya yi salati, kowa ya san abin da zai kama. Biyu suka ɗaga ta zaune suka jingina ta, ɗaya ya sa mata abin shaƙar iska a fuska, mai kitson ta manna mata wayoyi a ƙirji. Kafin ta yi haka sai da ta ja zanin gado ta lulluɓe mata kafaɗu, ba wanda ya roƙe ta. Abin da na rufe ƙofa dominsa ke nan, ita ta yi shi da hannu ɗaya tana aiki da ɗayan.

Idon yarinyar ya fara lumshewa, kanta na langaɓewa. Mai kitson ta tambaye ni sunanta. Na waiga ina neman katin asibiti in nuna mata, kamar yadda na yi a filin jirgi. Ta ce ba ta da hannun karɓar takarda.

"Ba ta san muryata ba, taki ta sani. Ki kira ta, kada ki bari ta yi barci."

Na durƙusa na ce, "Ke. Ke, buɗe ido."

"Da sunanta, Mama."

Wallahi sai da na ji harshena ya yi nauyi kamar ba nawa ba. Na kira shi. Sau ɗaya a hankali, sannan da ƙarfi, sannan na rasa adadi. Ta buɗe ido ta dube ni ta saman robar da ke fuskarta, ba ta sake rufewa ba.

Motar asibitin ta iso, wasu biyu suka hawo da wata kujera mai ɗamara, suka ɗaure ta a kai suka sauka da ita. Mai kitson ta ce in haɗa mata duk abin da mai jego ke sha. Na zuba ƙwayoyin da aka ba ta a asibiti cikin leda. Sannan na tsaya a gaban kanwar, tana nan a ɗankwalin Ladidi kusa da murhu. Ba wanda ya san da ita a cikinsu, kuma ba wanda zai tambaya. Na ɗauka na sa a ledar, na ce wa mai kitson wannan ma, kullum sau biyu, ni nake ba ta.

Ban bi su ba. A can ba a sa jariri a mota sai cikin kujerarsa, kujerar kuwa tana motar Kabiru. Na tsaya a taga da jaririya a kafaɗa ina kallo, motoci biyu suka fita suna jiniya, duk motocin titi suka ratse gefe kamar an ba su umarni. Bayan nan gidan ya yi tsit, sai tukwanen wanka biyu a bayi ba su gama hucewa ba.

Kwana tara ta yi a asibiti. Likitar ta ce zuciyarta ce ta yi rauni bayan haihuwa, ruwa ya taru a huhu. Ta ce yana samun matan da ba su taɓa jin sunan kanwa ba, amma gishiri mai yawa haka ƙarin kaya ne a kan zuciyar da ta riga ta gaji. Ta faɗa ne cikin ladabi, ba ta dube ni ba, ni kuma na gane. Rifkatu tana tsaye a wurin, ba ta ce ai na faɗa ba, sai ma ta kama hannuna. Na fi jin kunyar wannan a kan a ce ta zage ni.

Da yarinyar ta fara samun ƙarfi na tambaye ta me ya sa ba ta ƙi ba, tunda ta yi boko kuma Rifkatu ta gaya mata. Ta yi ta murza bakin bargo, sannan ta ce tun tana ƙarama take ganin ina dama wa ƙannenta kunu idan ta zo hutu gida, ita sai a aika mata da nata ta hannun wani. Na tashi na ce zan je in duba jaririya.

Kafin in taho na ce dole in je in yi wa mutanen godiya, don ba a haife ni inda ake karɓar alheri a yi shiru ba. Na soya waina cike da kula, Rifkatu ta kai ni tasharsu, ba ta fi tafiyar minti biyar ba. A nan na ga jar motar da motar asibitin a jere cikin rumfa ɗaya, aka ce mini yawancin fitarsu ma ba ta wuta ba ce, ta marasa lafiya ce da haɗarin mota da tsofaffin da suka faɗi a bayi. Wasunsu albashi suke karɓa, wasu kuma sa-kai ne, suna da aikinsu daban. Mai kitson ta gane ni, ta tambayi jikin yarinyar da sunanta. Na shirya jawabi tun a mota, har da neman gafara a kan ƙofar da na rufe. Ina buɗe baki ƙararrawa ta kaɗa, wata murya ta yi magana daga bango, kafin in juya duk sun shige motoci sun fita. Aka bar ni a tsakiyar rumfa da kular waina a hannu. Na ajiye a kan teburinsu muka koma.

Ranar tafiyata yarinyar ba ta raka ni filin jirgi ba, an hana ta wahala, ga magunguna da za ta daɗe tana sha. A bakin ƙofar nan dai muka yi sallama. Ta ce, "Umma, na ji ki fa ran nan." Na ce magagin ciwo ne kawai, ta koma ciki akwai sanyi. Ta yi murmushi ba ta musa ba.

Dawowar ma gajiya ce, jirgi biyu da mota, ƙafafu a kumbure. Na iso Zariya da la'asar na tarar falo cike, Ladidi da maƙwabta da matan ƙannen maigida. Ladidi ba ta bari na cire mayafi ba, ta riƙe hannuna ta ce, "Yaya, ki gaya mini gaskiya, ya jikin yarinyar nan?"

Na ce, "Hadiza tana samun sauƙi."

Ladidi ta saki hannuna tana kallona, wata tsohuwa a gefe ta kama baki. Na zauna na cire takalmi, na ce a ba ni ruwa.